Tarihin da ke gefen titi

Sana'ata sayar da maganin dabbobi ce, saboda haka rabin rayuwata a kan titi take, daga karar Wudil zuwa ta Maigatari, daga Mai'aduwa zuwa Illela. Mai irin wannan yawo yakan san gari ne ta tasharsa da masallacin bakin hanya da teburin mai tsire, sauran garin kuwa sai dai hange ta gilashin mota. Da tafiya ta yi tafiya sai na ɗora wa kaina wata al'ada: duk garin da na ji an ce akwai tsohuwar rijiya, ko dutse mai labari, ko wani ɗan ɗaki da aka tara kayan mutanen da, sai na ware awa ɗaya ko biyu na je na gane wa idona. Manyan wurare irin Gidan Makama na Kano kowa ya san su, 'yan makaranta ma motoci-motoci ake kai su. Ni waɗanda suka fi jan hankalina su ne waɗanda sai ka yi ta kwatance kafin ɗan acaɓa ya gane inda kake nufi.

Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne na Birnin Kudu a jihar Jigawa, kan titin da ya tashi daga Kano ta Wudil ya yi gabas. Duk mai bin hanyar nan yana ganin manyan duwatsun garin, wani bisa wani. A cikinsu akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, kuma a ƙarƙashin rumfunan wasunsu akwai zanen shanu wanda mutanen zamanin da suka yi da jan launi. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, shi ne ya bayyana wa duniya su a shekarun 1950. Zanen ya koɗe. Idan ka shigo daga cikin rana ba za ka ga komai ba sai jikin dutse, sai ka ɗan tsaya idonka ya saba da inuwa, sannan ƙaho ya fara fitowa, sai wuya, sai ƙafafu.

Ni da kullum nake cikin shanu, abin da idona ya fara kamawa shi ne bayansu. Babu tozo. Bunajin da muke gani a kara da rahaji da bokolo duk masu tozo ne, amma waɗannan bayansu a miƙe yake tun daga wuya har gindin wutsiya. Shanun da suka rage a ƙasar nan marasa tozo su ne irin muturu na kudu da kuri na bakin tafkin Chadi. Ashe ke nan akwai zamanin da masu kiwo a wannan yanki wani irin shanu daban suke kora, kafin masu tozo su mamaye ko'ina. Na sha karanta cewa dabbobi ma suna da tarihin ƙaura kamar mutane, amma a gaban dutsen nan ne abin ya shiga kaina sosai.

Dattijon da ya raka ni bai bar ni na tafi a nan ba. Ya ja ni zuwa wani falalen dutse da ke jingine da wani, wanda da ni kaɗai ne da ko kallonsa ba zan yi ba. A gefensa akwai 'yan ramuka sumul-sumul, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Ya ɗauko wani dutse daidai dunƙulen hannu ya miƙo mini, ya ce, "Riƙe shi sako-sako, ɗana. Ba da ƙarfi ake yi ba." Na ƙwanƙwasa cikin ramin farko, sai dutsen ya yi amo irin na ƙarfe, ƙarar ta ɗan daɗe kafin ta mutu. Rami na biyu muryarsa ta fi sirantaka, na uku ta fi kauri. Ya karɓa ya haɗa su uku ya fitar da wani ɗan kiɗa. Ramukan nan ba sassaƙa su aka yi ba, bugun hannuwan mutane ne ya cinye dutsen a hankali har ya lotsa haka, kuma Allah kaɗai ya san iyakar hannuwan da suka riga nawa.

Tun daga ranar na gane cewa a irin waɗannan wurare rabin abin kallon yana bakin mutumin da ke riƙe da mukulli. Sau da yawa za ka iske ƙofa da kwaɗo, babu kowa, babu allon da ya faɗi lokacin buɗewa. Kada ka juya. Yi sallama a gidan da ke kusa, ko ka tambayi mai shayi, ko a kai ka wurin mai unguwa. Kusan kullum akwai yaron da zai ruga ya kira Baba daga gona ko daga masallaci. In ya zo, a gaisa a tsanake, a tambayi iyali da aiki, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka. Wanda ya zo yana duba agogo, abin da ke rubuce a bango kaɗai zai samu. Wanda ya zauna kan tabarma aka gaisa, shi ake buɗe wa ɗakin ciki. In akwai kuɗin shiga ina biya in karɓi rasit, sannan in ba mai rakiya na goro daban, don abubuwa biyu ne da bai kamata a cuɗa su ba. Kuma ba na ɗaga waya in ɗauki hoto sai na nemi izini, musamman inda akwai kabari.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ba zan ɓoye ba. A wani ɗan gidan tarihi da na shiga a wata jiha, babu wuta, ma'aikacin da fitilar wayarsa yake haska mini kayan. Gara ta cinye takardun bayanin da aka liƙa, rufin yana yoyo daidai kan wata tsohuwar rigar saƙi, an tara mata roba a gefe. Mutumin ya san kowane abu da sunansa da gidan da ya fito, amma duk a ka yake riƙe da su, kuma shekarunsa sun ja. Na roƙe shi ya bar ni in naɗi muryarsa, ya yarda, ya yi ta bayani har aka kira la'asar. Yanzu duk inda na je nakan yi haka in mai wurin ya amince.

Daura kuwa da 'yata muka je, ranar da na gama harkata a Mai'aduwa da wuri. Rijiyar Kusugu tana cikin gari, an gina mata ɗaki an kewaye ta, har yau da ruwa a ciki, ana jefa guga a ɗebo wa baƙo ya sha. Labarin kowane Bahaushe ya san shi: Bayajidda ya iso da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, aka ce masa macijin da ake kira Sarki ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a, ya je ya sare kansa, Sarauniya Daurama ta aure shi, aka haifi Bawo, daga 'ya'yansa aka samu sarakunan Hausa. Amma jin labarin a aji daban, jin sa kana leƙa cikin rijiyar daban. Yarinyar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce wa mai bayanin, "Baba, a lokacin mutanen Daura sun san Juma'a ne?" Dattijon ya yi murmushi ya ce, "'Yata, haka muka ji daga iyayenmu, haka muke faɗa."

Amsarsa ta yi mini daidai, tambayarta ma ta yi mini daidai. Masana irin su Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe da nuna cewa Hausawa da garuruwansu sun girmi wannan labari, kuma an fi fahimtarsa a matsayin bayanin yadda sarauta ta sauya hannu da yadda ƙasashen Hausa suke ganin zumuncin da ke tsakaninsu. A mota na yi wa yarinyar wannan bayani gwargwadon fahimtarta. A bakin rijiya kuwa ban ga dalilin yin gardama da mutumin da ke tsaron abin da aka ba shi amana ba. Na ga masu zuwa da ɗan karatunsu suna ƙure irin waɗannan dattawa da tambayoyi don a san sun sani, kuma daga nan bakin dattijo yake rufewa, a tashi ba a ƙaru da komai ba.

Argungu ta koya mini wani abu da ban samu a makaranta ba. Yawancin mutane bikin kamun kifi ne ke kai su, su ga dubban masunta da homa da gora sun faɗa Matan Fada, su koma gida. Kusa da kasuwa kuwa ga Gidan Tarihi na Kanta, tsohon ginin ƙasa wanda shi ne fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka da bindigogin gargajiya da tambura da layun yaƙi, kuma a nan ake binne sarakunan masarautar, don haka shigarsa da ladabi ake yi. An sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga daular Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa mulkinsa a Surame.

Ni ɗan Kano ne, tarihin ƙarni na 19 da na tashi da shi daga ɓangaren Sakkwato aka ba ni shi, Kabawa kuwa a cikinsa masu tawaye ne kawai. A Argungu sai na ji shi daga ɗaya bakin: mutanen da aka ci birninsu, suka sake kafuwa a nan, suka yi shekaru da dama suna kare kansu har zuwan Turawa. Makaman da ke jingine a bangon nan nasu ne, na wannan yaƙi. Shi kansa bikin kamun kifin a sigarsa ta yanzu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, wadda ta zama alamar sulhu. Babban gidan tarihi na gwamnati yakan daidaita labari yadda ba zai ɓata wa kowa rai ba. Ƙaramin gida a garin masu abin, da muryar masu abin yake magana, shi ya sa nake ganin ko da mutum ya ƙoshi da littattafai bai kamata ya raina shi ba.

Wasu wuraren minti ashirin sun ishe su. A Kaduna, cikin lambun Gamji, akwai 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa da ake kira gadar Lugga, wato Gwamna Lugard. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, lokacin can ne hedikwatar Arewa, daga baya aka kwance ta aka kawo ta Kaduna. A Katsina ga Hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsayin kusan mita 15 da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. A Nasarawa ta Kano ga Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Ko ba ka duba kayan ciki ba, ɗaga kai ka kalli ɗaurin gugan rufin da aikin magina.

Abin da ya fi ba ni mamaki kuma a Yamai yake, a gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama. Ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan Adam, waɗanda aka tono a hamadar Nijar, amma ni wurin wani busasshen itace na fi daɗewa. An gina masa rumfa ta musamman. Itacen Tenere ke nan, wata bishiyar ƙaya dangin bagaruwa da ta rayu ita kaɗai a tsakiyar hamada, babu wata bishiya kusa da ita sai an yi tafiya mai nisan gaske. Ayarin gishiri masu zuwa Bilma daga Agadas da ita suke gane hanya, kuma duk tsananin buƙatar itacen wuta ba sa taɓa reshenta. Da aka haƙa rijiya a gefenta a ƙarshen shekarun 1930, an iske saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wata babbar mota ta banke ta, aka ɗauko gangar jikin aka kawo Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Na ga wani Buzu tsaye a gabanta yana yi wa 'ya'yansa bayani da harshensu, kuma daga yadda yake nuni da hannu ka san ba daga takarda ya samo labarin ba.

Maganar hanya ba a wasa da ita a wannan zamani. Kafin in ratse daga babban titi zuwa wani ƙauye sai na tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a makon, in suka ce a bari, na bari. Ina fita da sassafe in dawo kan kwalta kafin la'asar sakaliya. Ranar Juma'a da rana ba a samun kowa, da damina kuma masu mukulli suna gona, don haka bayan kaka zuwa hunturu ya fi daɗin wannan yawo.

Wanda ke gabana yanzu shi ne kwalekwalen Dufuna. Wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a jihar Yobe ta yanzu. Tsawonsa ya haura mita 8, bincike kuma ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, wato yana cikin jiragen ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a duniya. Yana Damaturu. Kasuwar shanu ta Potiskum tana cikin zagayena, daga can zuwa Damaturu kuwa kimanin kilomita 100 ne, kuma tuni na sa wani abokin cinikina ya nemo mini wanda ke kula da wurin don mu sa rana.