Harafi ɗaya da ya sa ɗaki ya yi mini dariya a Tawa

Har yau idan na tuna da yammacin nan sai in ji zufa ta keto mini, ko da yake an shekara da yin abin. Waƙa ce na rubuta mai baiti 24 a kan 'yan bida, wato samarinmu na Adar da ke barin gida bayan kaka su nufi Abijan ko Libiya, kuma na yi wata uku ina gyaranta da nufin karantawa a wani taron matasa a nan Tawa. Mahaifiyata ce ta matsa mini in kai ta wurin wani dattijo a unguwarmu, wanda ya daɗe yana rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami. Na tafi ne domin kada in saɓa mata, amma a raina ina ganin wanda bai taɓa shiga lakwal ba, ba shi da abin da zai ƙara wa waƙar zamani.

Na same shi a zaure, na miƙa masa takardar, sai ya mayar mini ya ce, "Ba ni karatun boko, yaro. Rera mini in jiya." Ina rerawa yana buga yatsa a kan buzu, har na kai baiti na bakwai, a ɗangon, wato layin, da na ce samarin "sun bar gari". Nan yatsan ya tsaya. Ya ce, "Wanga ɗango ɗingishi shikai. Ce sun bar ƙauye." Raina ya ɓaci, domin a ganina ya mayar da Tawa ƙauye, kuma ban tsaya na tambayi dalilinsa ba. Na ce, "To, Baba Malam, na gode," na naɗe takardata na fita, ban canza ko wasali ba.

Dalilin da na ƙi tsayawa in ji, a gaban jama'a na koye shi. Rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya ne bisa nauyin gaɓa, kamar waƙar Larabci da aka aro ma'auninta, kuma karin da na ɗauka ba tare da na san sunansa ba Mutadarik ne, wanda ƙafarsa ke son gaɓa biyu masu nauyi, ko biyu marasa nauyi da ɗaya mai nauyi (mai nauyi ita ce mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi). "Sun bar" ta cika ƙafa, amma "gari" ta gaza, saboda gaɓarta ta farko gajera ce. Da na kai wurin a ranar taron, murya ta riga ta hau kari, sai harshena ya ja wasalin da kansa domin ya cike gurbin. Abin da ya fito daga bakina shi ne samarin sun bar garin tuwo. Wata yarinya a sahun gaba ce ta fara tuntsirewa, sauran suka bi, kuma baiti 17 da suka rage, waɗanda a cikinsu ne na zuba dukan baƙin cikin matan da ake bari da yara, babu wanda ya saurare su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a boko kalmomin nan biyu rubutunsu ɗaya ne, don haka ko sau ɗari na duba takardar ba zan ga kuskuren ba. A ajami kuwa alif ne ke raba su, shi ya sa tsohon da na raina yake ganin tsawon wasali da ido, yake kuma jin sa da kunne. Bayan mako biyu na haɗiye girman kai na koma da goro. Bai yi mini gori ba, sai dai ya ce da na zauna a ranar da ya ba ni "birni", wadda ita ma gaɓa biyu ce masu nauyi. Minti ɗaya na haƙuri ke nan ya raba ni da mutuncina.

Tun daga lokacin nake zuwa kowace Alhamis. Shi ya fara sa ni tahamisi, wato in ɗauki baitinsa mai ɗango biyu in ɗora uku nawa a sama, da karinsa da amsa-amonsa, yadda ba a gane inda aka yi ɗinki. Ya ce haka almajiran Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin jiharmu a 1754, suka riƙa yi wa waƙoƙin magabatansu. Aiki ne mai wuya, domin duk inda ka yi ha'inci ɗangon malami yana nan a ƙasa yana tona maka asiri.

Ba kuma komai nake karɓa daga gare shi ba. Yana so in cire "fasfo" da "salula" daga waƙar, wai ba kalmomin waƙa ba ne, ni kuwa na ƙi, domin ɗan bidar yau da su yake tafiya, kuma dukansu sun zauna daram a kan kari. Ya fi son wa'azi, ni na fi son abin da nake gani a tasha. Idan abokaina na fada, wurin hirarmu ta matasa, suka tambaye ni, ina ce musu su kai waƙarsu wurin tsoho su rera da baki, su kuma zauna har ya gama magana, sannan su zaɓi abin da za su ɗauka. Sukan gyaɗa kai, amma da na juya baya sai in ji wani ya kira "mai gari", yana jan gaɓar farko har sai numfashinsa ya ƙare.