Na rage wa fanka gudu da hunturu, bazara ta zo ta tona ni

Sana'ata buga takardu. Da rana ina wani ɗan shago a Zango, da dare in kwaso ragowar aiki in taho da shi gida, galibi kundin ɗaliban jami'a, waɗanda ba sa kawo aiki sai saura kwana uku a karɓa. Kwamfutar gidan tsohuwa ce, mai akwatin nan da ake turawa ƙarƙashin tebur, kuma ɗaki ɗaya muke kwana da ita. Kukanta ba mai ƙarfi ba ne. Wani gurnani ne mai ɗan karkarwa, kamar injin markaɗe can bayan layi, wanda ba ka jin sa sai Damagaram ta yi tsit. Tun ana haƙuri har aka yi mana haihuwa. Wani dare wajen ƙarfe 1, mai ɗakina ta ɗago kai ta ce, "Malam, ko kai da injinka ku koma zaure, ko mu mu koma."

Washegari na buɗe gefen akwatin ina neman mai laifi. Na ɗan danne tsakiyar fankar da ke kan ƙwaƙwalwar na'urar da yatsa, gurnani bai fasa ba. Na zura tsinken tsintsiya ta ragar baya na tare ɗaya fankar na ƙiftawar ido, sai ɗaki ya yi shiru. Ashe daga akwatin wuta ne, wannan ƙaramin akwatin ƙarfe da ƴan lakwal ke kira alimantasiyo. Shi ke karɓar kuran na bango, volt 220, ya sauke shi zuwa 12 da 5 da 3.3 da kayan ciki ke ci. A wajen saukewar nan wani kaso na wutar zafi yake zama, kuma a irin masu arha kason ba kaɗan ba ne: in kwamfuta na cin wat 200, akwatin da ke isar da kashi 70 cikin 100 sai ya ja wajen 285 daga bango, sauran 85 ɗin duk zafi ne. Fanka ƴar santimita 8 ita kaɗai ke fitar da shi.

Kafin in kai ga kwance shi, bari in faɗi abin da bai kamata a yi wasa da shi ba. A ciki akwai manyan kwandansa, wasu ƴan gwangwanaye masu tara wuta, da ke riƙe sama da volt 300, kuma suna iya ci gaba da riƙewa bayan an zare waya daga bango. Na zare wayar, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, na bar shi ya kwana, da safe kuma sai da na auna da mitar gwada wuta kafin in kai hannu. Wanda ba shi da mita, ko bai san inda zai ɗora ta ba, ya kai wa mai gyara. Jika ɗaya ko biyu ba su kai ran mutum ba.

Da na ɗaga murfin sai da na yi salati. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta daskare a kan komai kamar an shimfiɗa bargo. Kowane fiffiken fankar da nasa ɓawon, wani ya fi wani kauri, shi ya sa take rawa in tana juyawa. Na goge su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Na ɓare takardar da ke manne a bayanta, na cire ɗan toshin roba, na tarar da sandar da take juyawa a kai ta bushe ƙayau. Ɗigo biyu na man keken ɗinkin mai ɗakina na sa. Man keke fa, ba man gyaɗa ba, don shi man girki yana yin danƙo ya kama ƙura, nan da wata guda fankar ta cije.

Wannan kaɗai ya kashe karkarwar, saura hucin iska. Da na tsaya nan da na huta. Amma mai nema ya samu, sai ya nemi ƙari.

Akwai wata dabara da masu harhaɗa kwamfuta suka daɗe suna yi. Wayoyin da ke fitowa daga akwatin, rawaya volt 12 ce, ja 5, baƙa kuma ita ce ƙasa, wato sifili. In ka haɗa fanka tsakanin rawaya da baƙa ta sami 12 cif, ta yi iya gudunta. In ka haɗa ta tsakanin rawaya da ja, bambancin kawai take samu, wato 7, sai ta riƙa tafiya a hankali. Na yanke wayoyin fankar daga inda suke a kan allon da ke cikin akwatin wutar, na haɗa su haka, na naɗe da baƙin salatif. Na gwada shi a kan tebur ta hanyar haɗa koriyar waya da baƙa da ɗan guntun ƙarfe, wanda shi ke sa akwatin ya tashi ba tare da kwamfutar ba. Fanka ta juya, ba ko tari. A daren nan sai da mai ɗakina ta tambaye ni ko yau ba aiki, alhali ina shafi na 20. Na ji kaina ya yi girma.

Watan Disamba ne. Da asuba sanyi na saukowa wajen digiri 15, mutane na fita masallaci da bargo. Wannan ne ban sa a lissafi ba.

Maris ya wuce lafiya, ko da yake in na kai hannu baya ina jin iskar da ke fitowa ta fi da zafi. Na share. Da Afrilu ya kama, rana ta haura digiri 40, kwanon ɗaki ya riƙa sauke zafinsa har tsakar dare, sai kwamfuta ta fara mutuwa da kanta. Karo na farko na ɗauka an ɗauke wuta ne, sai na ɗaga kai na ga ƙwai na ci. Karo na biyu ta tafi mini da shafi shida na kundin wata ɗaliba da ban adana ba. A na uku ne na ji wani wari mai ɗan ƙarni, na taɓa akwatin wutar na janye hannu da sauri. Da na buɗe, ƙananan kwandansa biyu kusa da inda wayoyi ke fita sun kumbura, kansu ya tashi kamar ƙosai.

Na ɗauka na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin wajen Kasuwar Dole. Ya juya shi, ya ga salatif ɗina, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Bai yi faɗa ba. Da bakin turnabis ya nuna mini wani ɗan abu kamar ƙwayar gero, manne a jikin ƙarfen da ke shanye zafi, ya ce wannan shi ke jin zafi, shi ke gaya wa fankar ta ƙara gudu in ciki ya ɗau wuta, ta rage in ya huce. Wato tun asali fankar tana da mai ja mata linzami, ni kuma na yanke shi na ɗaure ta a gudu ɗaya, ko sanyi ko zafi. Ya nuna mini rubutun da ke jikin kwandansan, 105, iyakar zafin da aka yi su su jure, ya ce ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanan kwandansa biyu. Ya ƙara da wani abin da ya fi ba ni tsoro: fankar da ƙura ta yi wa nauyi, a volt 7 wata rana tana iya ƙin tashi ɗungum, kuma da yake na saba da shirunta ba zan ma sani ba. Dabarar ba ƙarya ba ce. Waɗanda suka ƙirƙiro ta dai a ɗakunan da ba su wuce digiri 20 da ɗoriya ba suke zaune.

Shi ya canza kwandansan, shi kuma ya ba ni shawarar da nake kai har yau. Ya zaro fanka mai santimita 12 daga wani mataccen akwati. Babbar fanka tana tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudun ƙarama ba, kuma gudun ne ke kawo ƙara. Muka yanka rami a murfin. Ba ta shiga ciki ba don kaurinta, sai muka ɗaura ta daga waje tana hura iska ciki, a kan ƙarafan nan masu shan zafi, iskar ta fita ta ramin tsohuwar. A gefen kowace fanka akwai ƴan kibiyoyi masu nuna inda iska ke bi, na farko a juye na ɗaura ta sai da ya nuna mini. Ragar bayan nan da aka huda a jikin ƙarfe, mai ƙananan ramuka, muka datse ta muka sa ta siririyar waya, don ita kanta tana sa iska yin fito. Tsakanin fanka da murfi muka sa ƴan guntayen robar tsohon tif na moto, saboda kada rawarta ta shiga ƙarfe. Wayoyin kuwa muka mayar da su inda na yanko su, bayan ya duba cewa abin da sabuwar ke ja bai yi wa gurbin yawa ba.

Kyan gani dai babu, kamar an yi wa akwatin goyo. Na kuma ɗaga kwamfutar daga ƙasa na ɗora kan bulo biyu, da hunturu kuma duk wata nake fitar da ita tsakar gida in hure ta da famfon keke, ina riƙe da fikafikan kada iska ta juya su fiye da kima.

Yanzu daga Nuwamba zuwa Fabrairu sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. In Afrilu ya zo takan ɗaga murya da kanta, ni kuma ba na taɓa ta. A watan nan ma ba wanda take damu, don mai ɗakina da yarinya tuni sun shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ni kaɗai ke ciki ina zufa da kundin mutane.