Tumbin salansar da na yanke

A shekarata ta biyu a gareji wani Alhaji ya kawo mana Yamaha YZ250, irin babur ɗin tseren daji mai dogayen ƙafafu. Ɗansa ne ya faɗi da shi, salansa ta lotse. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, don na buɗe Vespa da Suzuki AX100 ba adadi, kuma duk dangi ɗaya ne, inji mai bugu biyu: ba bawul, fistin ne ke buɗe ƙofofin bulo yana rufewa, wuta na tashi a kowane juyi, baƙin mai na ƙonewa tare da fetur. Da na ga ƙaton tumbin nan a jikin salansa sai na ɗauka ado ne. Maigida na fita sallar la'asar na ruga wurin mai walda, aka yanke shi, aka jona miƙaƙƙen bututu.

Babur ya tashi da ƙara kamar zai fasa kunne. Maigida ya dawo ya hau, bai kai ƙarshen layi ba ya juyo. Ya dubi bututun, ya dube ni, ya ce, "Kai yaro, ai rabin injin ka yanke." Kuɗin wata salansar daga ɗan abin da nake samu aka riƙa cirewa.

Haushin abin ne ya sa na duƙufa karatu a waya. Ashe tumbin aiki yake yi. Inda ya buɗe yana zuƙo hayaƙi daga silinda, har ya janyo sabon mai da iska. Inda ya tsuke kuma yana maido da bugun hayaƙin baya, ya tura man da ya fara zurarewa ya koma ciki kafin fistin ya rufe ƙofa. Awo ne, ba a yi masa kintace. Walter Kaaden, injiniyan kamfanin MZ a Jamus ta Gabas, shi ya gwanance a kansa a shekarun 1950. A 1961 ɗan tserensa Ernst Degner ya gudu Yamma ya koma Suzuki, shekara na zagayowa ya ci kambun duniya na ajin 50cc a tseren kwalta.

A tseren daji ma haka labarin ya juya wa mai bugu biyu. Tseren ya samo asali ne a Ingila, a Camberley, a 1924, kuma manyan injuna masu bugu huɗu, wato masu bawul da wuta ke tashi sau ɗaya a juyi biyu, su ne suka daɗe suna cin kasuwarsu. Jeff Smith ya ci kambun 500cc a kan BSA a 1964 da 1965. Daga nan Paul Friedrichs ya karɓe shi sau uku a jere a kan CZ mai bugu biyu, don a cikin taɓo da tsalle rashin nauyi ya fi komai. Joel Robert ya kawo wa Suzuki kambun 250cc a 1970. Ko Honda, da mai gidanta Soichiro bai ƙaunar irin wannan inji, sai da ta sauko ta fitar da CR250M Elsinore a 1973.

Da can na ɗauka mai bugu huɗu ya dawo ne don ya fi ƙarfi. A'a, doka ce ta ba shi damar shiga ajin 250 da inji mafi girma. Doug Henry ya ci gasar Amurka a 1998 a kan Yamaha YZ400F mai bugu huɗu, daga baya masu 450cc suka cika fili, Honda ta daina ƙera CR250R bayan 2007. A ganina wannan ba kokawar sa'o'i ba ce. Mu nan tsadar fetur ce ta sa 'yan acaɓa suka koma Bajaj Boxer mai bugu huɗu, wannan dalili na yarda da shi. Yamaha dai har yau tana ƙera YZ250, KTM ta Ostiriya ma ba ta saki nata ba.

Babur ɗin Alhaji ya sake dawowa da lotsattsiyar salansa bayan wata shida. Wannan karon toshe bakunanta muka yi, muka ɗura iska kaɗan, maigida na gasa wurin da wuta a hankali, ni ina riƙe, har ƙarfen ya taso ya koma yadda yake.