Daga Accra zuwa Kano ta Legas: inda lokacin yake tafiya

Tsakanin filin jirgin Accra da na Murtala Muhammed a Legas kilomita wajen 400 ne kacal. Jirgi bai cika awa guda a sama ba. Da muka tashi, na leƙa ta taga ina bin gaɓar teku da ido, Lome ta wuce, Kwatano ta wuce, ban ma gama shan lemon da aka miƙo mini ba sai ga sanarwar a ɗaura ɗamara za a sauka. Wanda ya taɓa bin mota ta Aflao da Hillacondji da Seme, iyaka uku kowace da nata layin da nata cajin, shi zai san darajar wannan awa ɗaya.

Amma tikiti yana rikita mutane. Wata dattijuwa daga unguwar Nima ta Accra da ke kusa da ni ta nuna mini nata: tashi ƙarfe 10, sauka ƙarfe 12. Ta ce, "Ɗana, ba cewa aka yi awa ɗaya ba ne?" Na ce, "Hajiya, agogon Najeriya ya riga namu da awa guda, kuma kowane lokaci a tikiti na garin da aka rubuta ne." Ghana tana kan GMT duk shekara. A dawowa kuwa sai ka ga kamar ka sauka a lokacin da ka tashi.

Ni dai Kano na nufa, sayen kaya a Kantin Kwari. A miƙe, Accra zuwa Kano kusan kilomita 1,200 ne, biyawa ta Legas bai ƙara wani nisa na a zo a gani ba, tunda Legas zuwa Kano ɗari takwas da 'yan kai ne, tafiyar awa ɗaya da rabi. Ka ga zaman cikin jirgi duka bai kai awa uku ba. Sauran wunin a ƙasa ya ƙare. Awa biyu zuwa uku kafin tashi a Terminal 3 na filin jirgin Accra, sai layin shige da fice a Legas, a duba fasfo da katin allurar shawara, biza kam babu saboda ECOWAS. Sai jiran jaka. Sannan ɓangaren jiragen cikin gida ba a gini ɗaya yake da na ƙasa da ƙasa ba, dole ka fito ka ɗauki tasi, cunkoson Ikeja kuma ba ya jin roƙo.

Shi ya sa yanzu ba na yarda da tazarar da ta gaza awa huɗu tsakanin jiragen biyu, musamman in tikitin daban-daban ne, domin in na farko ya makara na biyun ba ruwansa da kai. Daga Disamba zuwa Janairu kuma hazo kan hana sauka a filin Malam Aminu Kano, don haka jirgin safe nake ɗauka daga Accra, in kuma tanadi kuɗin kwana ɗaya a Legas a aljihu.