Motar tafi-da-gidanka ta fi lalacewa a tsaye

Tabo ne ɗan ƙarami, bai kai tafin hannu ba, a kusurwar silin daidai saman gadon yara. Maiɗakina ce ta fara ganinsa tana gyaran shimfiɗa, ta ƙwala mini kira ta ce, "Baban yara, zo ka taɓa nan." Na danna da babban yatsa, katakon ya lotsa kamar soso. A lokacin motar ta yi wata biyar a ajiye ba ta je ko'ina ba, ni kuwa hankalina kwance, a ganina abin da ba a mora ba me zai same shi.

Shekara shida ke nan ina riƙe da wannan mota, mai gado biyu da murhun gas da firji da ɗan banɗaki daga baya. Injinta bai taɓa ba ni wahala ba, domin haƙƙin inji kowane direba ya san shi: a yi juyen mai a kan lokaci, a duba ruwan lagireto, a saurari ƙara. Ɓangaren gidan ne mutane ke mantawa da shi. Ɗaki ne na katako da roba da bututun gas, wanda ake jijjiga shi a kan hanya na sa'o'i, sannan a ajiye shi wata da watanni rana na dukansa, ruwa na dukansa, babu mai leƙawa. Duk ɓarnar da ta taɓa cin kuɗina ko ta tsorata ni, a wannan zaman ajiyar ta fara.

Dattijon da ya gyara mini rufin bai ko kalli tabon sau biyu ba. Ya ce, "Malam, inda ka ga ruwa ba nan ya shigo ba." Ya sa tsani muka hau tare, ya durƙusa yana bin kowace gaɓa da ɗan yatsa, har ya tsaya a gefen tagar sama, wajen mita ɗaya da rabi daga inda tabon yake. Danƙon da aka liƙe gefenta da shi ya bushe ya yi tsaga siririya kamar zare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta nan ruwan ke ɗiga, ya bi katakon rufi yana gangarawa a ɓoye, har ya sami inda zai taru. Da ya ɓalle silin sai ga katako ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu. Na ce, "Baba, tun yaushe wannan?" Ya ce ya fi damina ɗaya. Mako uku motar ta yi a wurinsa.

Abin da ya koya mini a saman rufin nan shi nake yi har yau. Duk abin da aka ɗora a sama, tagar iska ce ko eriya ko farantin sola ko na'urar sanyaya ɗaki, sai da aka huda rufi aka kafa shi, kuma danƙo kaɗai ke tsakanin wannan huda da ruwan sama. Rana tana busar da shi, girgizar hanya tana tsaga shi. Saboda haka duk bayan wata uku nakan hau in wanke rufin, in bi gaɓoɓin a kan gwiwoyina. Inda na ga ya tsage ko ya ɗago, in kankare wanda ya saki, in goge wurin ya bushe, in sa sabo. Danƙon iri biyu ne: akwai mai bajewa da kansa na shimfiɗaɗɗen rufi, akwai mai kauri wanda ba ya zuba na jikin bango da gefen tagogi. Silikon ɗin banɗakin gida kuwa na daina kusantarsa da motar, domin ba ya daɗewa a kan rufin roba, kuma inda ya taɓa zama babu abin da ke kamawa da kyau, ko da sabon silikon ne. Idan rufinka na roba ne, irin wanda ake kira EPDM, kada ka goge shi da fetur ko kalanzir ko tina. Suna kumbura robar su saki gam ɗin da ke ƙarƙashinta. Ruwa da sabulu mai laushi sun isa.

Na kuma sayi ɗan ma'aunin danshi mai tsinke biyu. Nakan bi kusurwoyi da ƙasan tagogi da cikin akwatunan kaya. In ya nuna ƙasa da kashi 15 ba na damuwa, in ya haura 20 ba na barci sai na gano ta inda ruwan ke shiga. Hanci ma ma'auni ne. Idan ka buɗe ƙofa bayan dogon ajiya ka ji warin rima, kada ka fesa turare ka wuce. Tamfol ɗin leda da mutane ke lulluɓe mota da shi ma yana da nasa sharrin, yana riƙe gumi a ciki, iska kuma tana goga shi a jikin fenti. Mayafi mai barin iska ta ratsa ya fi.

Bayan rufi sai taya, kuma a nan ne na fi ganin mutanen kirki suna yaudarar kansu. Motar yau da kullum zanen tayarta ke cinyewa, mai ita ya gani ya canza. Tamu ba ta tafiya da yawa, don haka zanen yana nan raɗau kamar sabo alhali robar ta tsufa. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshensa su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Nawa na baya, lokacin da na koyi karanta su, 1414 na gani, wato mako na 14 a shekarar 2014, kuma wanda ya sayar mini da motar ya ce mini "sababbi ne" don yana kallon zane. Ban zarge shi ba, shi ma iyakar saninsa ke nan. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar cewa taya in ta kai shekara biyar ƙwararre ya riƙa duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara, in ta kai goma a cire ta ko yaya take. Ni ba na jiran goma. Mota mai wannan nauyi, da iyalina a ciki, ina canzawa a shekara ta shida, ko kafin nan in na ga ƙananan tsage-tsage a gefe.

Iskar taya da safe ake auna ta, kafin a motsa, tana sanyi. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta yi zafi, ta fashe. Fashewar taya a irin wannan mota ba ta tsaya a canza sifiya ba: robar da ta yage tana dukan ƙasan ɗakin, ta tsinke wayoyi da bututun ruwa, wani lokaci har na gas. In an cire ƙafa an mayar, nakan tsaya bayan kilomita 50 in sake bin notuna da sifana. In motar za ta daɗe a ajiye kuma, ina rufe tayoyin daga rana, in ɗan matsar da ita lokaci zuwa lokaci don kada gefe ɗaya ya yi ta ɗaukar kaya.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A maganar nauyin mota dai ido bai san kima ba. Akwai ɗan faranti a jikin ƙofar direba ko kusa da inji mai nuna iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai. Tawa kilo 3,500 ne. Ranar da na fara hawa sikelin manyan motoci da kayan tafiya cike, na haura da kilo 140, kuma kusan duka a kan ƙafafun baya. Ban ɗauki wani abu na ban mamaki ba. Tankin ruwa lita 100 kilo 100 ne cif, sai tukwanen gas biyu, kekunan yara, akwatin kayan aiki, kujeru, mu kanmu. Kekunan da na rataya a can ƙarshen baya su suka fi cutarwa, domin kayan da ke bayan ƙafar baya yana danne ta fiye da nauyinsa, yana kuma ɗaga gaba, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Yanzu ina tafiya da rubu'in tanki in cika idan na isa, kaya masu nauyi a ƙasa tsakanin ƙafafun gaba da na baya, akwatunan sama kuma tufafi kawai. Masu jan ɗaki a bayan mota abin ya fi shafarsu: in baya ya fi nauyi tirelar takan fara lilo, kuma in ta fara, a sassauta totur a riƙe sitiyari a miƙe, kada a take birki da ƙarfi.

Duk waɗannan dukiya suke ci. Gas rai yake ci, shi ya sa ba na sassauci a kansa ko kaɗan.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya zuba ƙasa yake kwanciya, ya taru a ƙarƙashin gado da cikin akwatuna yana jiran tartsatsi. Don haka ne aka huda ƙasan ɗakin tukunyar gas da ƙarƙashin murhu, domin in ya zuba ya fice waje. A tawa motar na tarar an cusa tsumma a waɗannan ramuka, ina jin don ƙura ko sanyi. Na cire su a ranar. Duk sanda na canza tukunya ina shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, in ta yi ƙwai to akwai zuba. Ba a gwadawa da ashana. Tiyon roba shi ma yana da kwanan wata a jikinsa kuma yana tsufa kamar taya. Kafin in tayar da mota ina rufe tukunya daga kanta, a gidan mai kuwa babu wata wuta da ke ci a cikin motar, har ta firji.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kabon monoksaid, domin shi ba ya wari, ba a ganinsa. Gas ɗin girki an zuba masa wari da gangan don hanci ya ji, wannan babu. Yana fitowa daga duk wutar da ba ta samun isasshiyar iska, kuma yana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sau fiye da 200. Alamarsa ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Ɗakinmu ƙarami ne, ba ya ɗaukar lokaci ya cika. Ba a ɗumama shi da murhun girki, ba a shigo da garwashi ko da ya yi kamar ya mutu. Harshen wutar murhu shuɗi ya kamata ya zama. In ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, a kashe a nemi mai gyara. Na'urarmu mai gano kabon monoksaid ta taɓa yin ƙara sau ɗaya da tsakar dare, ba daga kayanmu ba, hayaƙin janaretan maƙwabcinmu ne iska ta turo ta tagar da muka bari a buɗe. Muka fitar da yara waje, muka buɗe ko'ina, na je na yi masa sallama ya juya salansar. Allah ya kiyaye, amma da babu na'urar ban san yadda gari zai waye mana ba. Ita ma tana da wa'adi, yawanci shekara biyar zuwa bakwai, an rubuta a bayanta. Danna maɓallin gwaji yana nuna ƙararrawa na aiki ne kawai, ba ya nuna hancinta bai mutu ba. Na'urar gano zubar gas ɗin girki kuwa a kusa da ƙasa ake kafa ta. Yarana kuma duk sun san yadda ake buɗe tagar gudun hijira, mun gwada da rana har ƙaraminsu ya iya shi kaɗai.

Sauran kulawar ba ta da wuya. Batirin ɗaki mai ruwa ba na barinsa ya sauka ƙasa da rabi, wato wajen volt 12.1, cikakke kuwa yana nuna 12.6 ko sama kaɗan. In aka bar shi a mace wata guda ba ya dawowa yadda yake. Janareta ina tayar da shi duk wata in jona masa kayan lantarki, don man da ya kwana a cikinsa yana daskarewa. Firjin da ke aiki da gas yana son mota ta tsaya daidai, in ta karkace ruwan da ke zagaye a bayansa ba ya gudana, ya lalace a hankali. Tankin bayan gida ana barinsa a rufe har ya kai kashi biyu cikin uku sannan a zubar, a bi da ruwan wanke-wanke ya ɗauraye tiyon. Wanda yake inda ruwa ke ƙanƙara kuma ya tsiyaye bututunsa kaf kafin ajiya, domin ƙanƙara tana kumbura ta fasa su.

Tsayin motar daga ƙasa zuwa sama, mita 3.1, na rubuta shi da babban baƙi na manna a gaban sitiyari, don a bakin gada ba lokacin tunani ba ne. Kafin kowace tashi kuma ina zagaya ta sau biyu, wayata a aljihu, ba na amsa kowa. Zagayen farko ina kallon sama: rumfa a naɗe, tagogin rufi a rufe, eriya a kwance. Na biyu ina kallon ƙasa: wayar lantarki an cire, tiyo an naɗe, matakala ta shige, katakon da na tokare taya an ɗauke, babu ɗigon komai a ƙarƙashi. Maiɗakina tana ciki tana bin ƙofofin akwatuna da ta firji ɗaya bayan ɗaya. In na zauna sai ta ce, "Gas fa?" in ce na rufe, ta ce in je in sake dubawa, in sauka in duba.