Biyan kuɗin manhaja ba shi ne mallakarta ba

Idan aka ambaci lauya, yawancin mutane sukan tuna da mai baƙar riga yana tsaye gaban alƙali yana kafa hujja. Lauyoyin da suka ƙware a harkar fasahar zamani da haƙƙin mallakar basira da kwangilar kasuwanci kuwa, da yawansu sukan daɗe ba su taka harabar kotu ba, domin aikinsu a kan takarda yake, kuma ana yin sa ne tun ɓangarorin biyu suna shiri, kafin kowa ya fara zargin kowa. A ganina, tambayar da ta fi cin lokacinsu ita ce wadda 'yan kasuwa suka fi raina wa: wa ya mallaki abin da aka ƙirƙira?

A ce kamfani ya ɗauko wani gwani daga waje ya rubuta masa manhaja, ya biya shi kuɗinsa cif, aka rabu lafiya. Mai kamfanin zai ɗauka cewa manhajar ta zama tasa, kamar yadda tebur yake zama na wanda ya biya kafinta, alhali a dokokin ƙasashe da dama ba haka abin yake ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Birtaniya ta 1988 ta tanadi cewa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa na wanda ya ɗauke shi aiki ne, amma wanda aka ba kwangila daga waje shi ne mai haƙƙin abin da ya rubuta, sai fa in ya miƙa shi a rubuce ya sa hannu. Dokar Amurka ma ta sharɗanta rubutu kafin haƙƙin ya koma hannun wani. Matsalar ba ta cika bayyana a ranar ciniki ba. Takan fito ne bayan shekaru, lokacin da masu zuba jari suka turo lauyoyinsu su binciki takardun kamfanin, suka tarar cewa babbar kadarar da ake neman kuɗi a kanta tana hannun wani da aka daɗe da rabuwa da shi, wanda yanzu ya san darajar sa hannunsa. Sakin layi guda a cikin yarjejeniyar farko ya isa ya hana wannan.

Dalilin da ya sa haƙƙin ke manne wa marubuci haka shi ne doka tana ɗaukar manhaja a matsayin rubutu. Yarjejeniyar Bern ta 1886 ta kare ayyukan adabi, kuma a tsarinta na yanzu ba a buƙatar rajista, sannan yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wadda ta fara aiki a 1995, ta shigar da manhajojin kwamfuta cikin wannan rukuni. Haƙƙin ƙirƙirar na'ura ko dabara daban yake, domin sai an nema an samu a ƙasar da ake son kariya, kuma shekara 20 yake yi daga ranar shigar da takarda. Sirrin kasuwanci ba shi da wa'adi, amma da zarar ya fasu kariyarsa ta ƙare, shi ya sa ake rattaba hannu kan alkawarin riƙe sirri kafin a fara tattaunawa.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan ruɗani ba. Oracle ya sayi Sun Microsystems, kamfanin da ya ƙirƙiri harshen rubuta manhaja mai suna Java, a 2010, a shekarar kuma ya maka Google a kotu saboda layuka kimanin 11,500 na harshen Java da aka kwafa cikin Android. Sai a 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa kwafin ya halatta, bayan fiye da shekara goma ana fafatawa. Ƙaramin kamfani ba shi da ƙarfin jure irin wannan shari'a, saboda haka lauyansa yakan bi diddigin duk wani yanki na manhaja da aka aro daga intanet. Ana kiran irin waɗannan na kyauta, amma suna da sharaɗi: lasisin GPL, alal misali, ya wajabta wa wanda ya gina manhajarsa a kai, ya kuma rarraba ta, ya buɗe asalin rubutunta ga waɗanda suka karɓa.

Sauran sharuɗɗan kwangila ba su da armashin karatu, sai dai a nan kuɗi yake. Akwai iyakar diyyar da mai sayarwa zai biya idan manhajarsa ta jawo asara, wadda galibi ake ɗaure ta da kuɗin da aka biya cikin wata 12, akwai wanda zai ɗauki nauyi idan wani ya zo yana da'awar an saci fasaharsa, akwai kuma dokar ƙasar da za a bi da wurin da za a warware rikici. Kamfanoni na ƙasashe daban-daban sukan zaɓi masu sasanci maimakon kotu, saboda Yarjejeniyar New York ta 1958 ta sa ana iya zartar da hukuncin sasanci a ƙasashe fiye da 160. Tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a Mayun 2018, da tarar da kan kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani a duniya, batun bayanan abokan hulɗa ya zama babi mai zaman kansa a irin waɗannan takardu.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara dagula tambayar mallaka. A Disambar 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ƙi amincewa da na'urar DABUS mai ƙirƙirarriyar basira, ta wani mai suna Stephen Thaler, a matsayin mai ƙirƙira a takardar neman haƙƙin ƙirƙira, tana cewa dole ne mai ƙirƙira ya kasance mutum, kuma ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ba ya yi wa aikin da babu hannun ɗan Adam a ciki rajista. Saboda haka lauyoyi sun fara sa wa 'yan kwangila sharaɗin bayyana ko sun yi amfani da irin waɗannan na'urori, suna kuma hana masu sayar da manhaja horar da na'urorinsu da bayanan abokin ciniki ba tare da rubutaccen izini ba.