Godiya Daga Kwamitin Karatun Taimakon Juna, Bayan Jarrabawar Zangon Farko

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdulillahi, an tashi daga takarda ta ƙarshe. Ƙannenmu 'yan aji ɗaya sun fara ɗaure kaya, an share allo, an mayar da makullin aji hannun masu shi. Duk wanda yake zaurenmu na WhatsApp ya san yadda zangon nan ya kasance, ba sai an maimaita ba. Tun yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022, wanda ya ci wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, jami'o'i da yawa suke matse zango don cike giɓi, kuma matsin ya fi sauka a kan yaron da jiya-jiya ya baro sakandare, bai ma gama sanin hanyar ɗakin lakca ba aka liƙa jadawalin gwaji. An gaji ƙwarai. Amma yaba kyauta tukuici, shi ya sa ba za a watse ba sai an faɗi abin da ya kamata a faɗa.

Za mu fara da daren da ya fi tsaya wa kowa a rai, daren jajibirin jarrabawar lissafi, lokacin da ciwon sikila ya tashi wa ɗaya daga cikin ƙannenmu a tsakiyar aji. Abubuwan da aka sani suna tayar da ciwon duk sun haɗu a daren: sanyin hunturu yana shigowa ta tagar da gilashinta ya fashe, ga rashin barci, ga rashin shan ruwa, don yara mata da yawa suna rage shan ruwa da gangan idan za su kwana karatu saboda banɗaki ya yi nisa kuma hanyar babu fitila. Ba ta yi ihu ba. Ta kifa kai a kan benci ne tana riƙe da gwiwa, na kusa da ita suna zaton gyangyaɗi take. Yayarta ta rukuni, wato babbar ɗalibar da ke kula da rukunin karatunsu, 'yar aji huɗu mai karantar aikin jinya, ita ta lura biron ya faɗi ƙasa ba a ɗauka ba. Ta cire mayafinta mai kauri ta lulluɓe ta, ta hana wanda ya rugo da ruwan sanyi zai yayyafa mata, domin sanyi ƙara ciwon yake, ta sa aka kawo ruwan ɗumi daga wurin mai shayi ana ba ta kaɗan-kaɗan. Sannan ta yi mata tambaya biyu: akwai zazzaɓi, ƙirji yana ciwo? Da yarinyar ta nuna ƙirji, sai ta ce ba za a jira asuba ba, domin ciwon ƙirji ko wahalar numfashi ga mai sikila ba abin da ake jira da shi ba ne. Yayar ta roƙe mu kada a ambace ta. Sunanta ba za mu rubuta ba, amma 'yar aji huɗu mai karantar jinya guda ɗaya ce a cikinmu, kowa ya yi lissafinsa. Yaya, Allah ya saka miki da Aljanna, ya sa hannunki ya zama waraka duk inda kika yi aiki.

Baba mai gadin ƙofar baya shi ya tare mai adaidaita sahu da ƙarfe biyun dare, ya tsaya yana haska hanya da tocila har aka fita. Mai adaidaitan kuma, da aka miƙa masa kuɗi a bakin asibitin makaranta, cewa ya yi shi ma yana da ƙanwa mai irin wannan lalura, ya ja abinsa ya tafi. Har yau ba mu san sunansa ba. Idan wani ya san shi, mai kore ne mai fasasshen madubin hagu, a isar masa da gaisuwa. Washegari da likita ya ce za a buƙaci jini, samarin da suka fito daga ɗakin jarrabawa kai tsaye suka wuce layi. A nan aka ga amfanin mutum ya san rukunin jininsa da jinotayif ɗinsa tun kafin buƙata ta taso, don mai sikila jinin mai AA ake nema masa, kuma an mayar da wasu saboda nauyinsu bai kai kilo 50 ba, wasu kuma jininsu ya yi ƙasa. Da waɗanda aka ɗiba da waɗanda aka mayar, Allah ya ba kowa ladan niyyarsa.

Akwai kuma wanda aikinsa na ranar bai fito fili ba, amma shi ya tsare wa yarinyar shekararta: sakataren rukunin sashen kimiyya. Ɗalibin da bai shiga jarrabawa ba kuma babu takardar uzuri, F ake rubuta masa, ko da kowa ya ga an ɗauke shi ranga-ranga. Shi ya karɓo rahoton likita daga asibitin makaranta, ya rubuta takarda ta hannun malamin da ke kula da ajin zuwa shugaban sashe, ya sa lambar rajista da lambar kowane kwas da aka rasa, ya yi fotokofi biyu, ya tsaya har aka buga hatimin karɓa a kan wadda zai riƙe. Inda mutane suke faɗuwa a nan wuri uku ne: a kawo rahoton asibitin waje ba tare da asibitin makaranta ya tabbatar da shi ba, ko a bari sai an gama jarrabawa sannan a fara neman takarda, ko a miƙa takarda a tafi babu shaidar an karɓa. Yarinyar tana gida yanzu, tana samun sauƙi. Iyayenta sun taso daga nesa a motar farko, Allah ya saka musu. 'Yan uwan da ke cikin garin nan kuwa, waɗanda tafiyar adaidaita ɗaya ce tsakaninsu da asibitin, mun san kowa da uzurinsa, mun kuma ga saƙonnin da aka turo ta waya. Allah ya bar zumunci.

Sai masu koyarwa, waɗanda ba a biyan su ko sisi. Mutane suna ganin tutoriyal kamar tsayawa gaban allo ne kawai, alhali yawancin aikin kafin a shiga aji ake yin sa. Kowane yaya ko yayar rukuni mutum goma aka ba shi, ba a wucewa, domin da zarar sun haura haka mai kunya ya ɓace a baya, ba za a san bai gane ba sai sakamako ya fito. Zama awa ɗaya da rabi ne: kusan minti 20 na bayani, sauran lokacin yara ne suke warware tambaya da hannunsu, mai koyarwa yana zagayawa yana leƙa takarda. An gwada tsarin da malami ke cika allo yara suna kwafa, kowa ya tashi yana jin ya iya, ranar gwaji a ga ba haka ba. Ana yin bayani da Hausa idan abu ya cije, amma amsar da za a rubuta da Turanci ake sa su rubuta ta, tun da da shi za a yi tambayar. Tsofaffin tambayoyi kuma ba a ba da su da amsa a jiki, saboda yaro ya haddace amsa, malami ya sauya lamba ɗaya, shi ke nan. Ga ƙaramin abu da ya sha cinye wa yara maki: kalkuleta tana auna kusurwa da radiyan alhali tambayar da digiri aka yi ta. Ɗan aji ukun nan na sashen injiniya da ya bi benci-benci yana duba kalkuletar kowa kafin a shiga ɗakin jarrabawa, kai ma an gan ka.

Mun fi jinjina wa waɗanda suka zauna da kowane yaro shi kaɗai a makon farko aka rubuta buri. Kusan kowa da ya zo cewa yake yana son digiri mai daraja ta ɗaya, to amma wannan ba buri ba ne da za a iya aiki da shi ranar Talata da yamma. Sai aka mayar da shi lissafi. A matsakaicin makin ɗalibi (CGPA), daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. A maki 70 ne zuwa sama, B daga 60, C daga 50, ƙasa da 40 kuma faɗuwa. Inda gwaji yake da maki 30 jarrabawa 70, wanda ya tara 22 a gwaji 48 yake nema ya kai A, wanda ya tara 8 kuwa sai ya samo 32 kafin ma ya tsira. Sannan a nuna masa abin da kwas ɗaya yake yi: yaro mai yunit 18 (yunit shi ne nauyin kwas) da ya ci B a komai yana da 4.00, amma idan kwas ɗaya mai yunit 3 ya zama F, ya sauko 3.33, ya sauka daraja guda ke nan, ga kuma kwas ɗin yana jiransa baɗi zai ci masa wuri cikin yunit 24 da ba a yarda a wuce ba. Yaran da aka yi wa wannan lissafi a gabansu sun daina raina gwajin maki goma, sun kuma daina wasa da kwasa-kwasan GST, wato na gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, da ake ɗauka kamar na banza. A ganinmu wannan zama na mutum biyu ya fi dukkan karatun daren da aka yi amfani, ko da yake shi ne wanda ba a ɗaukar hotonsa.

Dokar da wasu suka ji haushinta ita ce ta hana mai koyarwa wuce zama biyu a mako, da kuma sallamarsa mako guda kafin tasa jarrabawar. Ba don ba a son himma ba ne. An sha ganin mai zuciyar taimako ya tsallakar da yara goma shi kuma ya faɗi nasa kwas, daga nan ya janye gaba ɗaya, rukuni ya mutu. Mun gode wa waɗanda suka bi dokar ba da son ransu ba, mun kuma gode wa 'yan uwanmu Kirista da suka riƙe zaman Juma'a da rana, kamar yadda aka riƙe musu na Lahadi da safe, ba tare da an taɓa zama an tsara hakan a takarda ba.

'Yan matan da ke zuwa daga cikin gari su ma sai da aka sauya musu lokaci zuwa bayan la'asar a tashi kafin magariba, don tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya sa zuwa sau biyu a rana ya gagari mutane da yawa. Yayyen da suka yarda suka koyar da darasi ɗaya sau biyu, na yamma da na dare, Allah ya ninka muku. Haka waɗanda suka zauna da kwamfuta ɗaya suna taya yara cike neman rancen NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rance. Yawancin waɗanda abin ya maƙale musu ba matsalar intanet ba ce: sunan da ke NIN daban da na JAMB, ko ranar haihuwa ta BVN ta saɓa, ko an juya sunan mahaifi ya koma farko. Waɗanda aka gano nasu da wuri sun je sun gyara. Sauran su yi amfani da hutun nan.

Inna mai abinci ta bayan ɗakin karatu, wadda ta buɗe littafin bashi ta kuma manta inda ta ajiye shi da gangan. Mai fotokofin da ya riƙa buga mana shafi gaba da baya a farashin ɗaya. Malam da ya bar mana makullin ɗakin taro ya ce kawai a kashe fanka idan an tashi. Mai shayin da ya ba da aron fitilar sola duk daren da wuta ta ɗauke: ba mu da abin biyanku. Allah ya buɗa muku ƙofofin arziki ta inda ba ku zato. Allah ya raya muku zuri'a, ya ba 'ya'yanku masu riƙe musu hannu a inda ba ku nan. Allah ya jiƙan iyayenku da suka riga mu, ya haskaka kaburburansu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya mai ɗorewa. Ƙannenmu kuma Allah ya sa a ga sakamako mai faranta rai, wanda ya samu kada ya yi girman kai, wanda ya rasa kada ya karaya, ya sa ilimin ya amfane su ya amfani garuruwansu. Yayyenmu da suka gama suka yi alkawarin littattafai da alƙaluman rubutu a allo a taron bara, har yanzu ƙofa a buɗe take, akwatin yana nan inda kuka san shi.

Duk wanda ya ari littafi ko kalkuleta daga akwatin kwamiti ya mayar kafin ya tafi gida, a goge sunansa. Idan sakamako ya fito, kowa ya duba kwas-kwas ya gwada da takardar rajistarsa, domin kwas ɗin da aka zauna wa jarrabawa ba a yi rajistarsa ba ba ya fitowa, wanda aka yi rajista kuma ba a ga makinsa ba a kai ƙorafi a rubuce cikin makon farko, da kwafin katin jarrabawa. Wanda ya ga F kada ya ɓoye wa yayan rukuninsa, a zauna tare a tsara yunit ɗin zango mai zuwa kafin a rufe rajista. Masu sikila da masu asma su rubuta wa sakatare a asirce, don a san inda za a zaunar da su nesa da taga. Kuma muna neman mutum biyu da za su karɓi rukunin kimiyyar sinadarai, masu riƙe da shi sun gama bana.

Wassalam,
Kwamitin Karatun Taimakon Juna